Fitilar da Ke Kamawa in An Yi Ruwa

Mai Waya, tsohon nan mai gyaran wutar mota, ya rasu da hantsin ranar Asabar a ƙofar gidansa, yana zaune a kan kwali kusa da motar maƙwabcinsa. Matarsa ce ta leƙo ta ce masa shayi ya huce, bai amsa ba. Likita ya ce zuciya ce. Mitarsa ta gwada wuta na kunne a kan cinyarsa. Butar da ke gefensa kuwa, masu ɗaukarsa sun yi shuri da ita har bakin kwata.

Motar ƙaramar bas ce ta Direba, wanda ke kai yaran layin makaranta. Tun farkon damina wata fitila ruwan ɗorawa ke kamawa a dashbod, gaban sitiyarinsa, mai hoton mota tana zamewa. Mai Waya ya ce masa ta na'urar da ke hana tayoyi sulɓi ce, kuma muddin fitilar na kunne, na'urar ta janye hannunta daga aiki. Kowace taya tana da sensa mai ƙirga gudunta, kowace sensa da wayarta. Matsalar ita ce fitilar ba ta kamawa sai an yi ruwa. Da rana ta fito sai ta mutu, kamar ba ita ba.

Shi ya sa tsohon ya ɓullo da hanyarsa. Sai ya jiƙa wayar taya ɗaya da buta, ya sa mita, ya jira. In ta bushe ya koma ta gaba. Direba ya taɓa yi masa tsiya cewa motar za ta yi tsiro.

"Kawu, ka cire ƙwan fitilar mu huta mana."

"In cire maka ido don ka daina ganin rami? 'Ya'yan mutane kake ɗauka. Kada ka motsa ta sai na ce."

Ranar Asabar ɗin aka rasa motar da za ta kai gawar, sai Direba ya sauke bas ɗin daga kan jak, ya ɗaure duk tayoyin, ya kwantar da kujerun baya. Yana tuƙi a hankali, idonsa na komawa kan dashbod. Fitilar ba ta kama ba, amma hanya a bushe take. Sai da suka dawo ya tuna bai lura da tayar da tsohon ya jiƙa ba. Ya zagaya motar yana taɓa kowace waya. Duk sun bushe.

Washegari ya kira wani mai gyara daga babban titi. Mutumin ya jona na'urarsa, ya duba, ya ce a yanzu babu laifi ko ɗaya a rubuce a ƙwaƙwalwar motar. An goge na baya, kuma da alama marigayin ne ya goge. Ya ce mai gyara yakan goge in ya gama, yakan kuma goge don ya ga ko laifin zai dawo. Ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya tarar da sabon salatif a wayoyi uku. Wanne ne gyara, wanne ne gwaji, ya ce bai sani ba, ba zai yi masa ƙarya ba.

"To in ɗauki yaran ko kuwa?"

"Birkinka na kamawa. Sauran sai ruwa ya sauka mu gani."

Da sassafen Litinin hadari ya haɗo ta gabas. Iyaye suka fara fito da yara ƙofar gida, jakunkuna a baya. Direba na tsaye da makulli a hannu, matar marigayin ta kira shi daga bakin ƙofa. Ta ce tana shirin wanke rigar aikin maigidan ne ta ga wannan a aljihu, ko zai yi masa amfani. Guntun waya ne da bai wuce yatsa ba, robarsa ta tsage, tagullar ciki ta yi kore.

Direba ya jujjuya guntun, yana tunanin ko daga bas ɗinsa tsohon ya yanke shi. Ya tambaye ta ko ranar Asabar marigayin ya sa rigar.

"Kullum ita ce a jikinsa, ɗan nan. Motar wa bai taɓa da ita ba?"

Ya mayar da makullin aljihu, ya ce wa iyayen su nemi wata motar yau. Wasu suka yi gunaguni suka janye yaransu. Shi kuma ya tayar da bas ɗin shi kaɗai, ya tsayar da ita a bakin layi, injin na ruri, idonsa na kan fitilar. Guntun wayar na kan kujerar gefensa. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi.