Majigin Ɗakin Inna

A Kasuwar Kurmi Alhaji Mailafiya ya fara jin maganar, ranar wata Talata da hantsi, yana zaune a rumfarsa yana jera huluna. Maƙwabcinsa mai sayar da yadi ne ya tsallako, ya durƙusa, ya rage murya.

"Alhaji, ashe rashi aka yi muku? Allah ya jiƙan rai."

"Rashin wa?"

"To, ƙanenka ya zo jiya ya yanki farin alawayyo, yadi biyar. Na tambaye shi wa aka rasa, ya ce in dai yanka masa kawai."

Mailafiya ya ce ba wanda ya mutu a gidansu, suka yi dariya tare. Amma da mutumin ya koma rumfarsa, sai ya tarar hula ɗaya yake ta juyawa a hannu. Kowa ya san alawayyo yadi biyar likkafani ne.

Su biyu suka rage a wurin mahaifiyarsu, shi da Abdulmalik, wanda duk gida ake kira Maliki. Gida ɗaya suke a Yakasai, kowa da sashensa, tsakar gida ɗaya. Shekara arba'in kenan suna cin tuwon dare kwano ɗaya a soro. Tun da Maliki ya yi ritaya daga aikin gwamnati hannunsa bai zauna ba. Ya taɓa haɗa fanka mai batir, ya taɓa ƙera akwatin ƙyanƙyasar kaji wanda ya dafa ƙwai talatin a yini guda, labarin da Mailafiya ya shekara yana bayarwa a majalisar ƙofar gida ana shewa. Sai dai duk waɗannan a fili aka yi su, a tsakar gida, ana gani ana tsokana.

Wannan karon ba haka ba ne. Makonni uku kenan, tun da matar Maliki ta tafi Gwarzo zaman jegon 'yarsu, ya ɗauki makullin ɗakin Inna, mahaifiyarsu, ɗakin da ba a buɗe ba tun rasuwarta. Ya toshe tagar da baƙin bargo. Da rana tsaka, lokacin da kowa ke neman iska, sai ya shiga ya turo ƙofa. Idan ya fito, yatsunsa baƙi ƙirin, idanunsa jajur. In an tambaye shi, sai ya ce, "Ba komai, Yaya, ɗan wani abu ne."

A cikin waɗannan makonni ukun ne kuma jiri ya kama Mailafiya. Idan ya ɗago daga ruku'u sai ya ji masallacin ya karkata, sai ya dafa na kusa da shi.

Da ya koma gida ya kira matarsa Luba, ya tambaye ta ko ta lura da wani abu.

"Na lura ka daina shan maganin hawan jininka, Alhaji," in ji ta.

"Ba wannan na tambaye ki ba. Maliki nake nufi."

"Baffan yara? Ya karɓi kwalin takalmin Sallarka, ya karɓi almakashina bai dawo da shi ba. Shekaranjiya kuma na gan shi da wani gilashi mai tudun ciki yana leƙa tafin hannunsa da shi. Na ce masa ko duba ya fara, in kawo nawa hannun?"

Ita da wasa ta faɗa, irin wasan da ke tsakanin mace da ƙanen mijinta. Mailafiya bai ji wasa a ciki ba. Nan take ya tuna Juma'ar da ta wuce, yana fitowa cikin farar babbar riga za shi masallaci, Maliki ya tare shi da waya a hannu, ya ce ya tsaya cikin rana ya ɗaga hannu zai ɗauke shi hoto. Ya tsaya, ya ɗaga, bai kawo komai a ransa ba. Yanzu sai ya shiga jera abubuwan yadda yake jera huluna: farin alawayyo, baƙin bargo, gilashi, ɗakin mamaciya, hotonsa, jirinsa. Ya yi istigfari, ya watsar da su. Kafin ya gama alwala sun sake jeruwa da kansu.

Washegari bai koma kasuwa bayan azahar ba. Ya jira har ya ji ƙarar ƙofar ɗakin Inna, sannan ya cire takalmi ya taka a hankali. Akwai wata tsaga a jikin ƙyauren, inda katako ya rabu. Ya kanga ido.

Da farko duhu kawai ya gani. Can sai ya ga an baza farin yadin a bango. A kansa akwai wani haske dishi-dishi, kamar na wata a bayan hadari. Cikin hasken akwai mutum da farar riga, ƙafafunsa a sama, kansa a ƙasa, hularsa ta kusa taɓa daɓe. Mutumin ya motsa, ya miƙa hannu ƙasa. Mailafiya ya gane hular, domin shi ya zaɓe ta da hannunsa. Maliki na tsugune gaban wani baƙin akwati yana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashi: "Juya mana. Haba, juya."

Sai da Mailafiya ya dafa bango ya iya komawa sashensa.

A ranar ya aika soro cewa cikinsa ba daɗi, Maliki ya ci abincinsa. Ranar Alhamis ma haka. Maliki ya zo har bakin ƙofa ya yi sallama, ya ce, "Yaya, ya jikin? In zo mu je asibiti?" Mailafiya ya amsa daga ciki cewa da sauƙi, bai ce ya shigo ba. Yana jin takunsa ya ɗan tsaya, sannan ya juya.

Abin da ya fi damunsa shi ne ya rasa dalili. Ba su taɓa faɗa a kan gida ba. Shi ya goya Maliki zuwa makarantar allo, shi ya karɓa masa aure. Amma ya sha jin labarin 'yan'uwan da suka fi su shiri, kuma ya gani da idonsa, ba wani ya faɗa masa ba. Ya yanke shawara in an sauko daga masallacin Juma'a zai wuce Ƙofar Wambai wurin kawunsu Malam Mikail, babban dangi, ya faɗa masa. Ya san abin da hakan ke nufi. Kalmar sammu idan ta fita daga bakin wa a kan ƙanensa, kafin la'asar ta kai kunnen kowa a dangi, kuma daga ranar sai dai a ja katanga a raba tsakar gidan.

Da ya gaya wa Luba sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Alhaji, ka tambaye shi tukuna."

"Mai yin irin wannan zai ce yana yi?"

"Ni dai na san mutumin da ya kasa ƙyanƙyashe ƙwai ba zai iya juya ka ba."

"Luba, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba," in ji ta. Ta ɗauki tsintsiyarta.

Ranar Juma'a wajen sha biyu ya shirya ya fito. Yana daidai ƙofar ɗakin Inna sai ya ji murya daga ciki tana cewa, "Maliki, rana fa, ka yi sauri." Muryarsa ce. Aka ɗan yi shiru, sai ta sake faɗa, da irin sautin, da irin tarin da ya biyo baya. Bai san lokacin da ya fara karanta Falaƙi da Nasi ba. Ya sa kafaɗa ya tura ƙyauren, ya shiga yana karatu yana tofawa.

Hasken tsakar gida ya faɗa ɗakin, mutumin da ke bango ya ɓace. Maliki ya zabura ya miƙe.

"Yaya! Rufe ƙofar, haske yana kashe shi!"

"Mene ne wannan?"

Maliki ya sosa ƙeya. Ya dubi akwatin, ya dubi wansa, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Majigi ne."

"Me?"

"Majigi, Yaya. Ka tuna wanda ake kawo mana filin unguwa muna yara, a kafa farin ƙyalle, a haska, mu ga mutane suna tafiya? Kai kake ɗora ni a wuya. Shi nake so in haɗa. Amma don Allah kar ka kai ni majalisa tukuna, bai yi ba."

Ya ja shi gaban akwatin, bakinsa ya buɗe kamar an cire masa murfi. Kwalin takalmi ne, an shafe cikinsa da baƙin fenti don kada haske ya watse. An huda gabansa an liƙa gilashin nan mai tudun ciki. A ciki waya ce a jingine, an ƙure haskenta. Idan ya matsar da ita gaba ko baya sai hoton ya fito ko ya dushe. Hasken ba shi da ƙarfi, shi ya sa sai an toshe taga. Bangon Inna kuma shuɗi ne, shi ya sa ya nemi farin yadi, alawayyo kuwa ya fi kowane araha.

"To ni me ya kawo ni ciki?"

"Farar rigarka. Bidiyon da na ɗauke ka ranar Juma'a ne, har da muryarka. Na gwada tantabaru, na gwada masu wucewa, duk ba sa fitowa. Kai kaɗai kake fitowa."

"Kaina a ƙasa."

"Ai ita ce matsalar!" Maliki ya tura ƙofa ya rufe, mutumin ya dawo bango a kife. "Gilashin ne yake juya komai. Na ce to bari in kifa wayar, in ya juya sai ka miƙe. Duba." Ya sa hannu ya kifa wayar. Hoton ya miƙe tsaye kamar ƙiftawar ido, sai wayar ta gyara kanta, ya sake komawa a kife. "Ka gani? Ina juya ta, tana juyawa. Sati biyu kenan ina roƙonta."

Dariya ta taso wa Mailafiya har maƙogwaro, ta tsaya a nan. Ya zauna a bakin gadon Inna. Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka, ya kuma ji wani ya hau.

Maliki ya koma gefen akwatin. Yana tsugune, hasken akwatin ya haska rabin fuskarsa. Mailafiya yana kallonsa lokacin da murnar ta bar fuskar a hankali.

"Yaya, da ka shigo karatu kake yi."

"Eh."

"Kana tofi."

Mailafiya ya kau da kai.

"Kwana biyu ba ka ci da ni ba. Na zo ƙofarka ba ka ce in shiga ba." Maliki ya nuna akwatin. "Kwalin kake wa tofi, ko ni?"

Mailafiya yana da mafita. Zai iya cewa tsoro ne ya kama shi da ya ji muryarsa, kuma ba ƙarya ba ne. Maliki zai karɓa, ko ya yi kamar ya karɓa. Mailafiya ya dubi kansa a bango yana ta miƙa hannu ƙasa.

"Kai," ya ce. "Na zaci sammu kake mini. Yau da an sauko masallaci wurin Kawu za ni."

Daga nesa aka fara jin lasifikar masallaci. Mailafiya ya zame daga bakin gadon zai kai gwiwa ƙasa. Maliki ya yi wuf ya riƙe shi a kafaɗa.

"Subhanallahi! Kar ka durƙusa mini, Yaya."

"Ka yafe mini."

"Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Da sauri ya faɗa, yadda ake faɗa wa wanda ya taka ka a sahu. Mailafiya ya san ƙanensa, ya san bakin ne ya riga zuciyar.

Maliki ya sake shi ya koma ga akwatin. Ya zaro wayar yana dannawa.

"Me kake yi?"

"Goge ka zan yi. Bai kamata in sa ka ciki ban faɗa maka ba."

"Kar ka goge."

"Na riga na goge."

Ya mayar da wayar cikin kwalin. Farin yadin ya haska, ba kowa a kansa. Suka zauna suna kallonsa, babba a bakin gado, ƙarami a ƙasa, har mai wa'azi ya kai tsakiyar wata ƙissa.

"To ka sake ɗaukata," in ji Mailafiya. "Ga ni da farar riga. In fita rana in ɗaga hannu."

Maliki ya jawo kwalin gabansa. Ya ɗauki murfin kwalin ya rufe, ya daidaita gefensa da yatsa.

"Ba yau ba, Yaya," ya ce. "Tashi mu tafi, za mu rasa sahu. Riƙe hannuna, kar jirin ya kayar da kai a hanya."