Katin Ɗaya ga Disamba

A layin su Labaran da ke Rigasa, babu wanda zai shiga asibitin sha-ka-tafi na unguwar bai wuce ta gaban shagonsa ba. Shagon kayan masarufi ne, ƙofa da ƙofa da asibitin, kwata ce kawai ta raba su. Akwai dogon benci a gaban shagon, nan majalisa take zama tun hantsi har la'asar, Labaran ne kuma shugabanta. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai kyauta da zumunci, amma bakinsa sai dai a ce Allah ya shirya.

Asibitin yana da wata al'ada. Duk ranar da aka ware wa wata cuta a duniya, sai ma'aikatan su rataya ƙyalle a bakin ƙofa, su ɗauko lasifika su yi shela cewa yau gwaji kyauta ne. A Maris tarin fuka, a Mayu hawan jini. Oktoba a kira mata a duba su saboda sankarar mama, ɗaya ga Disamba kuma ƙanjamau. Su dai da kyakkyawar niyya suke yi. Labaran ne ya mayar da abin ma'auni. Ya haddace ranakun tsaf, duk wanda ya ga ya shiga a ranar wata cuta, shi ke nan ya manna masa ita. Wani mai shayi ya taɓa shiga ranar tarin fuka, kafin mako ya zagayo mutane sun gudu daga teburinsa, alhali bawan Allah yatsa ya yanke da wuƙar burodi ya je a ɗaure masa.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Labaran duk sanda aka ce ya yi hattara. "Kwana nawa ne a shekara? Me ya sa sai ranar?"

To, laifi tudu ne. Wata Laraba a ƙarshen Nuwamba ya koma gida da azahar neman takardar haihuwar autarsu da makaranta ta nema. Matarsa Rahmatu ba ta nan, sai ya buɗe akwatinta da kansa. Ƙarƙashin zannuwa ya ci karo da katin asibiti, ba na ƙofar shagonsa ba, na wani ne can Kinkinau. Ga sunanta ɓaro-ɓaro. An rubuta zuwa biyu a cikin watan, a ƙasa kuma an sa ranar dawowa da jan biro: ɗaya ga Disamba, Litinin mai zuwa ke nan.

Ya zauna a bakin gado. Shekara ashirin da uku suna tare, 'ya'ya biyar, bai taɓa kama ta da ko kallon banza ba. Amma ga kati, ga rana. Mace ta tsallake asibitin da ke bakin ƙofar mijinta, ta hau keke napep har Kinkinau, ta ce masa gidan ƙanwarta take zuwa, sannan a ce ta dawo ranar ƙanjamau? Ya san kansa, bai taɓa bin matan banza ba. To daga ina? Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya, sai fushi ya rufe su duka. A nan bakin gadon ya ƙudurta a ransa cewa in abin da yake zargi ya tabbata, ranar Litinin ɗin nan auren ya ƙare.

Ya mayar da katin inda ya same shi, bai ce mata uffan ba. Mai zargi ai ba ya tambaya, tara hujja yake yi. Sai ga hujjoji suna ta zuwa da ƙafarsu. Ta rame, wannan ya lura tun bayan sallar layya amma ya ɗauka aikin gida ne. Ta daina canja kaya a gabansa. In ya shigo ɗaki sai ta ja mayafi ta juya baya. Ya ware kofinsa ya kai shago, ya ɓoye rezarsa da abin yankan farce a saman durowa. Abinci kuwa sai ya tsakura ya ce cikinsa ne ba daɗi.

"Malam, ko a dafa maka wani abu daban?" ta tambaye shi ranar Juma'a.

"Bar shi kawai."

Ta dube shi, ta dubi wajen da kofin yake zama, ta kwashe kwanukan.

A majalisa ma zaman ya gagare shi. Duk wanda ya yi dariya sai ya ga kamar da shi ake. Ranar Asabar Ila, wani direban bas ɗan Katsina da ba ya fashin benci, ya ce da shi, "Malam Labaran, ran Litinin kamar maiɗakinka na hango a Kinkinau, wajen asibitin nan mai koren fenti. Lafiya dai ko?"

"Ƙanwarta ce a layin," Labaran ya ce da sauri.

"To, madalla," in ji Ila, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Shi har ga Allah tambaya ya yi. Labaran kuwa ya wuni yana juya wannan madallar, yana neman abin da ke ƙarƙashinta, don ya san yadda shi yake faɗinta in ya gano sirrin wani.

Litinin da safe Rahmatu ta sa hijabi ta ce za ta leƙa Kinkinau. Ya ce a dawo lafiya. Tana shiga keke ya ja ƙofar shago ya tare na baya, ya ce wa direban kada ya matsa kusa. Namiji mai furfura a gemu yana bin matarsa a ɓoye kamar ɓarawon akuya, kai, zargi bai yi ba.

Yana sauka ya ga abin da yake tsoro: jan ƙyalle a ƙofar asibitin, ga lasifika tana kiran jama'a gwajin ƙanjamau kyauta. Ya tsaya ya duba hagu da dama ko akwai wani benci da ake zaune ana kallo, sannan ya sunkuyar da kai ya shige.

A teburin karɓar kati ya tarar da wata nas, an rubuta Mansura a ƙirjin rigarta.

"Sista, wata mata ta shigo yanzu, Rahmatu Labaran. Ni ne mijinta. Me ke damunta?"

"Sannu da zuwa, Baba. Ba ma faɗin ciwon mara lafiya sai da izininsa."

"Na ce miki matata ce."

"Na ji, Baba. Ko mahaifinta ne haka zan ce. Ga shi can a rubuce a bango. Ka zauna, in ta fito ka tambaye ta."

Wannan ƙin faɗin ya ƙarasa shi. In ba mugun abu ba ne, me za a ɓoye? Ya zauna a baranda yana kallon layin masu gwaji, yana jiran ya ga ta fito daga cikinsu. Ya fi awa ɗaya. Da ta fito, ta wata ƙofa daban ta ɓullo, can ƙarshen baranda, riƙe da farar ambulan. Ta gan shi ta tsaya cak. Ba ta firgita ba, gajiya ce kawai a fuskarta. Ta zo ta zauna a gefensa, ta bar tazara a tsakaninsu.

"Ka ga katin ke nan," ta ce.

"Na gani. Ɗaya ga Disamba, Rahmatu. Ki faɗa mini gaskiya tsakaninki da Allah."

"Likitan mata ranar Litinin kaɗai take zuwa nan, Malam. Yau Litinin." Ta ɗora ambulan ɗin a cinyarta. "Ƙullutu ne a mamana na hagu. Sun tura ni babban asibiti an yanki tsoka an auna, yau sakamako ya iso. Sankara ce."

Labaran ya ji wani sanyi ya ratsa shi, kuma abin kunyar, sanyin farko na sauƙi ne, don ba abin da ya zata ba ne. Sai daga baya kalmar ta isa kunnensa sosai.

"Tun yaushe?"

"Tun bara kafin Oktoba na ji shi, kamar ƙwayar gyaɗa. Ranar da suka rataya ƙyallen duba mata a asibitinmu na shirya na fito. Na zo kwanar layi na hango ka a benci, kana nuna Asabe matar mai gyaran rediyo da haɓa tana shiga, ana dariya. Sai na juya. Na ce in na shiga, ko dai ka ji kunya a gaban abokanka, ko su yi da ni yadda kuke yi da matan mutane. Bana ma da watan ya zagayo na sake zuwa kwanar nan na koma. Da ya fara hana ni barci ne ƙanwata ta kawo ni nan."

"Me likitar ta ce?"

"Ta ce da bara na zo, da ƙullutun kawai za a cire. Yanzu ya kai hammata. Za su cire maman gaba ɗaya, sannan a ga abin da Allah zai yi."

Ya ƙura wa ambulan ɗin ido.

"Na san abin da ka zata," ta ce a hankali. "Na ga ka ɗauke kofinka. Wannan na bar ka da Allah, ba shi ne a gabana ba yanzu. Abu ɗaya nake roƙo."

"Faɗi, Rahmatu. Ko mene ne."

"Ka ba ni kwana biyu kafin ka faɗa a majalisa. Ina so 'ya'yana su ji daga bakina."

Ya buɗe baki zai rantse mata cewa ba zai taɓa faɗa wa kowa ba, sai ya ga yadda take kallonsa. Babu fushi a idonta, da gaske take roƙon, kwana biyun take nema don iyakar abin da ta yarda zai iya ke nan. Hawaye suka zubo masa a gaban layin mutane, bai ko share ba. Rahmatu ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta ce su tafi kada yara su dawo daga makaranta su tarar ba a ɗora tukunya ba.