Weji da Birkin Hannu

Shekara bakwai Namadi ya yi yana karen mota a hannun Ɗangiwa, tsakanin Kebbe da Tambuwal. Motar ta Alhaji Jumare ce, tsohuwar babbar mota mai bodin katako, tana kwasar gero da fatu da 'yan kasuwa. Namadi ya yi aure har da ɗiya guda, amma a tasha ba a fasa ce masa yaron Ɗangiwa ba.

Da damina, shekara biyu bayan samun mulkin kai, Ɗangiwa ya zuba motar cikin rami kusa da Sanyinna, da rana tsaka. Ba wanda ya mutu, sai wata tsohuwa da ta karye a hannu. 'Yan doka suka iske shi yana warin burkutu, yana rantsuwa hanya ce ta goce masa. A da, faɗa kawai za a yi masa ya koma kan sitiyari. Wannan karon aka ce doka ta tsananta, aka karɓe lasinsa na shekara biyu.

Alhaji Jumare ya kira Namadi zaurensa a Kebbe.

"Mai gwajin direbobi na tahowa Tambuwal Laraba ta sama," in ji shi. "In ka ci, mota na hannunka. In ka faɗi, akwai wani Bube can Jega, shina da lasin, shina biɗar aiki. Ba ni barin mota zaune ga kaka ta ƙarato."

"Alhaji, ai ni nika tuƙa ta duk ranar da maigida..."

"Na sani. Kowa ya sani. Takarda nika so."

Gaskiya ne Namadi yana tuƙi, amma da saura. In Ɗangiwa ya sha, yakan ba shi sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya ya kwanta barci. Da an iso hawa kuwa sai ya tashe shi su yi musanya, don motar ba ta da birkin hannu tun kafin Namadi ya san ta. In ta tsaya a hawa, dole wani ya diro da weji, wato guntun icen da ake cusawa bayan taya, kafin ta gangara. A duk hanyar Kebbe ba wanda ya kai Namadi saurin sa weji. Da wannan aka san shi.

Kwana shida Ɗangiwa yana koya masa ribas tsakanin gangunan mai a filin bayan tasha. Yana zaune a inuwa yana ihu.

"Hagu, ɗan banza! Hagunka, ba hagun kakarka ba! Ni ran da anka gwada ni, tsamiya guda na zagaya anka ba ni takarda. Yanzu sun mai da tuƙi karatun alƙalanci."

Labari ya zo cewa ba za a yi gwaji da motar da ba ta da birkin hannu ba. Ranar Litinin Alhaji ya sa makaniki ya gyara shi. Ɗangiwa ya leƙa ya dubi ƙarfen, ya taɓe baki.

"Ado ne. Shekara goma sha huɗu nika tuƙi ban taɓa jan wanga abu ba."

Namadi ya ja shi sau biyu a filin. Motar dama a tsaye take, don haka bai ga abin da ya canza ba.

Ranar Laraba mutum goma sha ɗaya suka yi layi. Mai gwajin, Malam Attahiru, gajere ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Kafin kowa ya hau mota sai ya sa shi ya huro masa iska a fuska. Mutum biyu a nan suka koma gida. Da aka zo kan Namadi, ya hura da ƙarfinsa.

"Daddawa," in ji Malam Attahiru. "Doka ba ta hana ba." Ya nuna Ɗangiwa da alƙalami. "Wancan fa?"

"Maigidana ne, ranka shi daɗe."

"Ya tsaya can gindin icce. Kada ya matso."

Namadi ya faɗi alamun hanya da aka nuna masa a kwali, ya kuskure guda. Ya yi ribas tsakanin ganguna bai taɓa ko ɗaya ba. Malam Attahiru ya hau ya zauna kusa da shi, suka ɗauki hanyar Kebbe. Namadi ya ji hankalinsa ya kwanta, don ba ramin da bai sani ba a wannan hanya. Suka tsallake rafi, mota ta kama hawa tana nishi.

A tsakiyar hawan Malam Attahiru ya ce, "Tsaya."

Namadi ya taka birki, mota ta tsaya. Abin da ya biyo baya bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Ya cire giyar mota ya mai da ita furi, ya fizgi weji daga ƙarƙashin kujera, ya buɗe ƙofa ya dira. Mota ta fara ja da baya, da mai gwajin Gwamnati shi kaɗai a ciki. Namadi ya bi ta taku uku, ya duƙa, ya cusa weji daidai bayan taya. Ta yi girgiza ta tsaya cak. Ya miƙe yana kaɗe hannu. Ko a ranar kasuwa da cikakken lodi bai taɓa sa shi da kyau haka ba.

Malam Attahiru ya sauko a hankali. Tabaraunsa ya karkace, hannunsa na dama ya yi baƙi da man da makaniki ya shafa wa birkin hannu, don shi ma ya ja shi daga ciki.

"Namadi."

"Ranka shi daɗe."

"Wa ke tuƙa motar nan?"

Namadi ya dubi kujerar direba, ƙofa a buɗe, ba kowa. Sai a lokacin abin ya iso masa.

"Ranka shi daɗe, hawa ne. Kullum in anka tsaya ga hawa..."

"Na ga aikinka. Ban taɓa ganin mai sa weji irinka ba. Amma ba shi na zo gwadawa ba." Ya goge hannu, ya ɗora takarda a kan bodin mota ya yi rubutu. "Ka dawo bayan wata shida. Ka zo da takardar direba mai lasin, ya shaida ya koya maka tsayawa da tashi a hawa. Mai lasin na ce."

Malam Attahiru ne ya tuƙo motar zuwa tasha, Namadi a gefe. Ɗangiwa ya taso da sauri.

"Mi ya faru? Ganga ka buge?"

Da ya ji labari ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan dariyar ta yanke, don ya gane sa hannunsa ba zai yi wa Namadi amfanin komai ba. Ya ce zai je ya sayo goro, bai dawo ba.

Ranar Juma'a Bube ya iso Kebbe daga Jega, dogo, mai 'yar furfura. Ya zagaya motar, ya gwada birkin hannu, ya dubi tayoyi. Labarin ya riga shi zuwa, 'yan tasha suna ta kallon Namadi su ga ko zai yi zuciya ya bar aikin. Namadi ya gama ɗaure buhuna, ya je ya gaida Bube, ya faɗi abin da mai gwaji ya ce.

"Wata shida," in ji Bube. "Hawa nawa ne tsakanin nan da Tambuwal?"

"Biyar, maigida. Shida in rafi ya ci hanya."

"To, duk naka ne, kai za ka riƙe sitiyari. In ka buɗe ƙohwar nan sau guda, ba ni sa hannu. Shiga gaba."

Namadi ya shiga gaba. Mutanen bodi suka fara kiran a tashi, rana na yi.