Alƙiblar Sulemana

Jibirin ya lashi ɗan yatsa ya juya shafi. Mamuna ta ce ya koma baya, ba ta gama kallon kwalekwalen ba.

"Yaya, gobe da safe Baturen yake son littafinsa. Kin ga kaurinsa kuwa?"

"To ka yi sauri mana. Tun azahar kake tauna kalma ɗaya kamar busasshen goro."

Suna zaune a zauren gidanta a Zongo, unguwar Hausawa a ƙasar Asantawa, faifan goronta a gefe a rufe da ganye, don yau ba ta fita kasuwa ba. Jibirin ƙanenta ne, tafinta a wani kantin Turawa a unguwar Adum. A barikin soja ya tsinci Turanci, karatu kuwa da yatsa yake bin sa, ya yi shiru, sannan ya faɗa mata da Hausa.

Kwana tara ke nan da aka kira ta ofishin Baturen mulki aka miƙa mata ƙaramin akwatin ƙarfe. Riga biyu ne a ciki, da tasbaha, da takarda. Ɗanta Sulemana, wanda shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yanta, ya kai goro Sekondi, can bakin teku, shekara biyar da suka wuce, bai dawo ba. Ya kama aikin zuba gawayi a jirgin ruwa, daga wannan jirgi zuwa wancan, har ya kai wani teku da ake kira Fasifik. Takardar ta ce murar nan da ta kwashe mutanen Zongo bara ta same shi a can. Aka sauke shi a wani tsibiri, ya rasu, mutanen wurin suka binne shi bisa al'adarsu.

Ba ta yi kuka a gaban masu ta'aziyya ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi. Tambaya ɗaya ce ta hana ta cin abinci: yaya aka binne shi? Ita ce ta sa Jibirin ya roƙi maigidansa aron wannan littafi, wanda wani Bature ya rubuta a kan mutanen tsibiran.

"Waɗannan itatuwan da suka ɗaure a gefen kwalekwalen fa?" in ji ta.

"Don kada ya kife. Ya ce suna yin wata guda a kan ruwa ba su ga ƙasa ba. Taurari suke bi."

"Kamar fatake."

"Kamar fatake. Sai dai su ba jaki."

Ya ci gaba. Mutanen suna cin kwakwa da kifi da wata saiwa. Ya nuna mata zanen ganyen, ta kawo fuskarta kusa da shafin.

"Ai wannan makani ne. Yaron nan ba ya cin makani, yana sa masa ƙaiƙayin wuya."

Jibirin ya juya shafi. A shafi na gaba akwai zanen alade a kan duwatsu masu zafi, ya wuce shi da sauri. Ta gani, ta ƙyale shi.

Sai suka zo kan tufafi. Matan wurin suna jiƙa ɓawon itace su yi ta bugu har ya zama mayafi mai faɗi. Ta ce ta san irinsa, ta taɓa gani a jikin wasu tsofaffin Asantawa a bayan unguwar Bantama. Jibirin ya bi layin da yatsa, muryarsa ta ɗan ɗaga.

"Yaya, ji nan. In mutum ya mutu, suna wanke shi, su shafa masa man kwakwa, su naɗe shi a cikin wannan mayafin. Farin, wanda ba a yi wa zane ba. Ko baƙo ne haka suke yi masa."

"Sun wanke shi?"

"Haka ya rubuta."

"Fari ka ce?"

"Fari."

Ta sa hannu a kan shafin, ta bar shi a nan. Takardar ta yi laushi, tana warin tabar Bature.

"Allah Ya saka musu," in ji ta. "Ci gaba."

Ya karanta a ransa. Yatsansa ya tsaya. Sai ya lashi yatsan ya juya, ya fara ba ta labarin yadda suke gina ɗaki.

"Shafi biyu ka juya."

"Sun manne ne."

"Jibirin, ni na goye ka. Koma."

Ya koma. Ya daɗe yana kallon layin kamar zai canza. Ya ce a cikin tsibiran da yawa mutanen sun ɗauka cewa ran mamaci yana bin bakin teku har ƙarshen ƙasa ta yamma, daga nan ya bi rana. Don haka in za su kwantar da shi a rami, sai su juya fuskarsa wajen da rana ke faɗuwa.

"Yamma," in ji Mamuna.

"Wataƙila ba a tsibirinsa ba ne. Tsibiran suna da yawa."

"Ya ba gabas baya ke nan. Har tashin ƙiyama."

Ta janye hannunta daga littafin. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata takarda da ta tsufa da ninki. Wasiƙa ce da ajami, ita kaɗai Sulemana ya taɓa aikowa, shekara uku da suka wuce, da ya fara isa wancan teku. Ba ta iya karatu ba, amma ta haddace ta. Ya ce a faɗa wa Inna bai bar sallah ba. Babu masallaci a can, babu mai nuna masa, amma yana duba inda rana ta fito ya fuskanta, yadda ta ce masa ranar da zai tafi.

"Yana raye bai kauce ba," in ji ta. "Sai da ya kasa motsi suka juya shi."

A nan ne kukan ya zo. Jibirin ya rufe littafin ya riƙe shi a cinya, bai san inda zai ajiye shi ba.

Suna haka aka yi sallama. Malam Gausu ne, abokin marigayi mijinta, yana dawowa daga la'asar. Tsoho ne da ya je Makka a ƙafa, shekara bakwai tafi da dawowa. Ya zauna a kan buzun da aka shimfiɗa masa, ya dubi littafin ta wutsiyar ido.

"Me kuka karanto a wannan da ya sa ta kuka?"

Jibirin ya faɗa masa. Malam ya ɓare goro, bai ci ba.

"Wannan tsibiri, ina yake daga ƙasar Jawa?"

Jibirin ya buɗe taswirar da ke naɗe a bangon littafin, ya yi ta nema. "Gaba da ita, Allah gafarta Malam. Can gabas, da nisa."

"To." Malam ya gyara zama. "A Makka na zauna gida ɗaya da mutanen Jawa. Ƙananan mutane, masu tsabta, ba su da hayaniya. Wata rana muna hira da ɗan Larabcinmu, na ce mu a garinmu gabas muke kallo. Suka yi dariya. Suka ce su tun kakanninsu yamma suke kallo. Na ɗauka ɓatattu ne, har na ƙi bin ɗayansu sallah. Sai wani ya ja ni Harami ya ce in duba. Mutane sun kewaye Ɗakin Allah ta ko'ina, kowa yana kallon na gabansa." Ya ajiye ɓarin goro a kan tabarma, ya sa yatsa ɗaya a kowane gefe. "Ga ki nan. Ga shi can. Alƙiblarsa yamma ce, Mamuna. Mutanen nan ba su sani ba, amma daidai suka kwantar da shi."

Jibirin ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Yaya, kin ji?"

Ta ji. Tana kallon goron da yatsun biyu. Sannu a hankali ta mayar da ido kan wasiƙar da ke hannunta.

"Malam, wanda yake can, in ya fuskanci inda rana ke fitowa fa?"

Malam ya dubi takardar. Shi ne ya karanta mata ita ranar da ta iso. Ya ɗauke yatsunsa daga tabarmar.

"Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai sani ba, Allah ba Ya mayar masa da sallarsa."

"Shekara uku yana kallon gabas."

"An karɓa, in Allah Ya so."

"Ni na ce masa. A bakin zauren nan. Na ce duk inda ka je, ka nemi rana da safe, ba za ka ɓata ba."

"Kin faɗi abin da kika sani."

Ta ninke wasiƙar ta mayar bakin zanenta. Malam ya yi addu'a, suka shafa, ya tafi. Jibirin ya naɗe littafin a cikin ƙyalle, ya tambaya ko ya roƙi ƙarin kwana. Ta ce ya mayar wa mai shi, ya yi masa godiya.

Da aka kira magariba ta yi alwala ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda ta saba. Rana tana faɗuwa ta bayanta, ta wajen Bantama, inuwarta ta miƙe a gabanta har bango. Ta tsaya tana kallon bangon. Bayansa akwai Makka, bayan Makka akwai ruwa mai yawa, da wani rami a bakin ruwan, da fuska a cikin farin ɓawon itace wadda ta juyo wajenta.

Ta gyara mayafinta yadda take yi in za ta fita gaban mutane. Ta faɗi sunansa sau ɗaya, a hankali, sannan ta ɗaga hannu ta yi kabbara.