Ƙofar Gaske a Ɗakin Ƙarya

Malamar da ke koya wa yaran unguwa wasan kwaikwayo duk Asabar ba wani abu mai yawa ta roƙa ba. Ƙofa take so mara nauyi, wadda yara biyu za su iya ɗorawa a kan dandamali.

"Ta ƙarya dai, Baban Auta," in ji ta. "Ta ganin ido kawai."

Kafinta ya ajiye zarto ya dube ta kamar ta zage shi. Shekara talatin yana wannan sana'a, ko kujerar tsuguno bai taɓa yi ta ƙarya ba. Balle ƙofar da 'yarsa za ta shigo ta ciki.

Auta ce damuwarsa. Shekararta goma sha uku, amma in tana magana sai ka kai kunne bakinta. A makaranta ma malamai sun daina tambayarta komai. Shi ya sa ya kai ta wurin Malama, ita kuwa ta ba ta magana ɗaya tak a wasan: ta buɗe ƙofa ta ce abinci ya sauka. Kafinta bai faɗa wa kowa ba, amma tsoro yake ji kada a gama wasan nan babu wanda ya ji muryar yarinyar.

Saboda haka ya zuba basira. Ya yi ƙofa mai kauri, ya goge ta tana ƙyalli, ya sa mata kuba irin mai kulle kanta in an rufe. Sai da ƙarti huɗu suka kama kafin ta hau dandamali, ta tsaya a tsakiya ita kaɗai, ba komai dama ba komai hagu.

Ranar wasa da yamma ɗakin taron ya cika da iyaye. Kafinta ya makara, sai a layin ƙarshe ya samu wuri. Yaron da ya fito a matsayin maigida, sanye da gemun auduga, ya yi faɗansa, ya tura ƙofar da ƙarfi. Ta ce ƙyas. Kafinta ya ji daɗin ƙarar, har ya taɓa na kusa da shi. Sai daga baya ya tuna makullin na aljihun wandon aikinsa, a rataye a shago.

Auta ta zo ta murɗa hannun ƙofa. Shiru. Ta sake murɗawa. Maigida ya ja daga ciki har gemunsa ya karkace. Taku biyu kawai Auta za ta yi ta zagayo, amma ko motsi ba ta yi ba, domin wata uku Malama tana nanata musu cewa ɗakin nan yana da bango ko da ido bai gani ba, kuma ɗan wasa ba ya ratsa bango. Iyaye suka fara ƙunshe dariya. Malama ta dafe kai.

Kafinta ya kasa daurewa, ya miƙe.

"Ke Auta, zagayo mana. Ai babu komai a wurin."

Yarinyar ta juyo ta dubi mutum ɗari biyu.

"Akwai bango, Baba."

Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi. Shi kam bai yi dariya ba. Daga layin ƙarshe ya ji ta, kalma uku ras, ba tare da ya kai kunne ba. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya laluba aljihu ya ciro sukudireba ya nufi dandamali.

Kubar daga ciki ake kwance ta. Ya ɗaga ƙafa zai wuce ta gefen ƙofar, sai Auta ta riƙo hannun rigarsa.

"Ba ta nan ba."

"To ta ina, uwata?"

Maigida ya gyara gemu, ya matsa gefe, ya kama iska da hannu biyu ya ɗaga sama. Ya buɗe masa taga ke nan.

Kafinta ya dubi tagar da ba shi ya yi ba, ya dubi 'yarsa. Sannan ya tattare riga, ya sunkuyar da furfurarsa, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama.

"A hankali, Baba," in ji Auta, da muryar da ta kai har bakin titi. "Akwai gilashi."

Ya kuwa bi a hankali.