Sawun Barewa a Bangon Makaranta

Sana'ar Attahiru zane ce a jikin manyan motoci. A tashar Tambuwal yake aiki, yana rubuta addu'a a goshin gingimari, yana zana furanni da bishiyar dabino a bayan motocin shanu. Iyalinsa suna Tungar Bube, wani ƙauye gaba da Kebbe ta wajen Fakku, sai ranar Alhamis da yamma yake hawa babur ya je gida. Da 'yarsa Rumasa'u ta shiga aji uku, mutanen shiyyarsu suka ce shi zai wakilce su a kwamitin iyaye na makarantar firamare. A ganinsu, wanda yake rubutu a jikin mota ba zai rasa abin faɗi a makaranta ba.

Zaman farko da ya halarta ya faɗo a farkon damina, wata Asabar da hantsi. Iyaye sun gama gina sababbin azuzuwa da hannunsu, an yi shafe, amma bangon gabas ya fito dogo, ba taga, ba komai a jikinsa. A inuwarsa aka shimfiɗa tabarmi.

Hedimasta, Malam Siddiƙ, shi ya kawo maganar. Ya ce yana so a zana taswirar Najeriya da haruffa a bangon, kamar yadda ake yi a sauran makarantu, tunda Allah Ya kawo musu mai zane cikin kwamiti. Kowa ya gyaɗa kai, ban da Inno, tsohuwar da take wakiltar mata, wadda jikokinta suke makarantar.

"Malam, taswira tana cikin littafi," in ji ta. "Ni abin da nika so a zana, tabkinmu. Nan bayan makarantar ga yake da, har bakin gonar Sirajo. Cikinai munka yi wanka muna ɗiya, munka ciri bado. Yaran ga ba su san an taɓa ruwa nan ba."

Attahiru ya waiwaya ya dubi filin da take nufi. Rairayi ne da 'yan tsirran sabara, awaki suna kiwo. Shi kansa labari kawai ya taɓa ji.

"Da barewa na zuwa shan ruwa da asuba," Inno ta ci gaba, idonta a can nesa. "Da gauraka, da belbela fari fat kamar an shanya wanki."

Liman Mujtaba, wanda shi ma ɗan kwamiti ne, ya gyara zama. "Inno, ruwa da itace ba laifi. Amma abu mai rai, ban yarda a zana shi a bangon da yara ka karatu gabanai ba."

Aka daɗe ana magana. Hedimasta yana son haruffansa, Inno tana son tsuntsayenta, Liman bai sauya ba. A ƙarshe aka ɗaga hannu, tabki ya rinjayi taswira, bisa sharaɗin Liman. Inno ta naɗe kallabinta ta tafi gida a hankali.

Mako na gaba Attahiru ya zo da ragowar fenti daga tasha, ɗaure a bayan babur. Ya ari tsani ya fara da ruwa. Ya zuba shuɗi mai duhu a tsakiya, ya riƙa sassauta shi zuwa gefe har ya koma launin sararin sama. Ya sa bado da faffaɗan ganyensa. Aikin ya yi kyau, amma duk lokacin da ya sauko ya ja da baya ya duba, sai ya ga tabkin shiru, kamar gidan da aka share aka tashi.

Yana tsaye haka ran nan da safe, bayan an kwana ana yayyafi, sai ga Ɗangiwa ya zo yana dogara sanda. Tsohon maharbi ne, jikansa yana aji biyar. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Ruwan ya yi, ɗana," ya ce. "To ina namun?"

"Baba, Liman ya hana mai rai."

Ɗangiwa ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Mu da muna farauta, yaushe munka fara ganin barewa da ido? Ƙasa ka faɗa muna ta wuce." Ya durƙusa da ƙyar, ya haɗa yatsu biyu ya danna a cikin jiƙaƙƙen rairayi, ya ɗan ja su baya. "Ga ta nan. Ta sha ruwa, ta nufi arewa."

Attahiru ya tsuguna kusa da shi. Alama ce ƙarama, kamar ƙwayar gyaɗa da aka raba biyu. Amma yana kallonta sai ya ji kamar yanzu dabbar ta bar wurin, kamar in ya ɗaga kai da sauri zai ga wutsiyarta tana shigewa cikin sabara. Tsohon ya yi masa na gada, da na zabo, da dogayen yatsun gauraka, har da jan cikin kunkuru.

Bai taɓa bangon ba sai da ya je zauren Liman, domin shawarar ta kwamiti ce, ba tasa shi kaɗai ba.

"Allah gafarta Malam, in na zana sawu fa, ban zana mai sawun ba?"

Liman Mujtaba ya ajiye littafin da ke hannunsa, ya yi murmushi. "Sawu ba shi numfashi, Attahiru. Je ka zana." Har Attahiru ya kai ƙofa, Liman ya kira shi. Muryarsa ta yi laushi. "Akwai wata giginya daga yamma da ruwan, ta ɗan karkata. Ƙarƙashinta mahaifina ka biya muna karatu, mu wanke allunanmu a bakin ruwa. In da wuri, ka sa ta."

Daga nan aikin ya fita daga hannun Attahiru shi kaɗai. Duk Juma'a da Asabar in ya hau tsani, sai mutane su taru a ƙasa. Wani ya ce akwai dutsen da mata suke wanki a kai. Wata ta aiko daga cikin gida cewa kada a manta da ɗorawar da ke bakin hanyar rijiya. Dattawa biyu suka kusa ɓatawa a kan ko tsamiya tana kudu ne ko gabas, sai da aka kai maganar zaman kwamiti, aka yanke a zana tsamiya biyu.

Malam Siddiƙ ma ya samu haruffansa. Shi ya ba da shawara a rubuta sunan kowace dabba a ƙarƙashin sawunta, da boko da ajami. Shi ya rubuta na boko da alli, Liman ya rubuta na ajami, Attahiru ya bi da siririn buroshi.

Akwai wani yammaci da kowa ya watse, ya rage shi kaɗai a kan tsani yana jera sawun belbela a gefen ruwa. Hadari ya taso daga gabas, iska ta kwanta. Sai ya ji ƙamshin laka mai sanyi, irin na bakin fadama, ya ji kamar ana dariyar 'yan mata can nesa da ƙarar ƙwarya tana bugun ruwa. Bai waiwaya ba, don kada abin ya tafi. Ya ci gaba da ɗiga farin fenti har ɗigon ruwan sama na farko ya sauka a wuyansa.

Shuɗin fenti ya ƙare kafin a kai ƙarshen bango, saboda haka kusurwar kudu ta zauna da launin siminti. Yara suka ce ruwan ne bai ƙarasa can ba tukuna. Da safe kafin a buga ƙararrawa, za ka gan su jere, suna bin sawun gada da yatsa daga gindin giginya har inda ya ɓace cikin bado. Rumasa'u ta zo gida da labarin cewa yanzu 'yan ƙananan azuzuwa a waje suke koyon haɗa baƙi, kuma ta iya rubuta "gauraka" ta hanya biyu.

Inno ba ta zo ba sai ranar zaman kwamiti na tsakiyar damina, domin ƙafa ta dame ta. Ta tsaya gaban bangon tana riƙe da ƙugu. Ta bi shi daga wannan gefe zuwa wancan, ta tsaya a wurin sawun barewa, ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Sun zo da asuba ke nan," ta ce a hankali. "Mun makara, ba mu ishe su ba."

Ta zauna a kan tabarma ta jingina da bangon, daidai inda ruwan ya fi duhu. Aka buɗe taro da addu'a. Maganar ranar ita ce awaki da suke shigowa suna goga jiki a fenti, da rufin aji ɗaya da yake yoyo. Aka amince kowace shiyya ta kawo ƙaya a yi shinge, Sirajo, mai gonar nan ta bayan makaranta, ya ɗauki nauyin duba rufin. Da Hedimasta ya juya don jin ra'ayin mata, sai ya ga Inno ta yi barci, bakinta da ɗan murmushi, kanta a jikin ganyen bado.

Liman ya ɗaga hannu alamar a ƙyale ta. Suka rage murya, suka wuce zuwa magana ta gaba.