Ma'aunin Ruwan Malam Hadari

"Ajiye shi kan dutsen," in ji Malam Hadari ta taga. "Sai ka sunkuya, idonka ya zo daidai da bakin ruwan."

Kafinta yana tsaye a tsakar gidan maƙwabcin nasa, gilashin awo a hannu, takalminsa ya nutse a laka. Shekararsa saba'in da huɗu. Gwiwarsa ba ta son lanƙwasa, shi ma ba ya so.

"Ina gani daga nan."

"Daga nan ƙarya kake gani. Sunkuya."

Ya sunkuya, gwiwa ta yi ƙara.

"Sha ɗaya. Da ɗan wani abu."

"Babu ɗan wani abu a aikin nan. Ƙananan layi nawa?"

"Huɗu."

"Sha ɗaya da ɗigo huɗu. Ka ga ba ka mutu ba."

Kafinta ya zaro fensir daga bayan kunne, ya rubuta lambar a kan guntun katako. Rubutun magana bai iya ba, amma lamba tef ɗin awo ya koya masa ita tun yana saurayi.

Shekara talatin Malam ya yi yana aiki a tashar auna yanayi. Tun yana aikin ya kafa ma'aunin ruwan sama a gidansa: gwangwani dogo, mazurari a bakinsa, kwalba a cikinsa. Kullum ƙarfe bakwai na safe sai ya duba, ya rubuta a littafi, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Shekara arba'in da ɗaya babu ranar da ta tsallake. In kuna gaisawa idonsa na sama, shi ya sa unguwa ta sa masa Malam Hadari.

Yanzu zuciya ta kwantar da shi, ƙafafu sun kumbura. 'Yarsa Auta nas ce a asibiti, ƙarfe shida take fita. Ita ta je ta durƙusa a ƙofar Kafinta.

"Baba, abu ɗaya ya roƙa. Kada littafin nan ya yanke yana da rai."

"Duk unguwar nan ni ya gani?"

"Ya ce kai kaɗai ne ba ka makara, kuma ba ka ƙarya a awo."

Shekara tara ke nan tsakanin Kafinta da Malam sai ina kwana. Rumfa ce ta haɗa su. Kafinta ya gina ta jikin katanga don katakonsa, kwanon rufin ya leƙo gidan Malam da taƙi biyu. Malam ya ce in iska ta taso daga gabas, ruwa na tsalle daga kwanon ya faɗa mazurarinsa ya ɓata masa awo, kuma tsakar gidan ba ta da wani filin da zai matsar da shi. Kafinta ya ce katangarsa ce, kwanonsa ne, kuma bai taɓa ganin ruwa da ƙafar tsalle ba. Magana ta tsaya nan.

Washegari dai, bakwai saura kaɗan, Kafinta ya yi sallama a gidan Malam.

Ranar farko ya yi abin da ya iya. Ya zura tef ɗinsa cikin kwalbar, ya ga inda ya jiƙe, ya faɗi lambar da ƙarfi. Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Da ruwan ya kai haka da yanzu a kwalekwale muke! Ba ka ga bakin mazurarin ya fi kwalbar faɗi ba? Abin da ya tara da faɗi shi ya taru a matsattsen wuri ya yi tsawo. Juye a gilashin, an yi masa layinsa daidai."

"Tef ɗina bai taɓa cin amanata ba."

"A katako. Wannan ruwa ne, tsoho."

"Wa kake ce wa tsoho? Na girme ka da wata nawa?"

Daga nan ya zama kullum. In ya gama awo sai ya shiga da guntun katakonsa, Malam ya kwafe a littafi. Ɗakin ƙarami ne: gado, kujera ɗaya, kwalaben magani a bakin taga, littattafan ruwa jere a kan kanta, bayansu ya yi baƙi don taɓawa. Kafinta ba ya zama. Yana tsayawa jikin ƙofa kamar wanda zai tafi, sai ya yi awa guda.

"Ka san daga ina ruwan da ka zubar yanzu ya taso?" in ji Malam wata safiya.

"Daga sama."

"Kafin saman. Yawancinsa daga teku yake."

"Teku gishiri ne da shi, haka na ji. Na sha ruwan sama tun ina rarrafe, ban ji gishiri ba."

Malam ya nuna butar shayi da Auta ta bari a kan risho. "Ɗaga murfin. Me ka gani a jikinsa?"

"Gumi."

"Ko ka zuba wa butar nan gishiri, gumin ba zai yi gishiri ba. Haka rana ke yi wa teku. Ta ɗumama shi, tururi ya tashi, gishirin ya zauna. Iska ta ɗauko tururin, can sama ya sami sanyi ya zama girgije, ya yi nauyi ya zubo mana. Rafi ya kwashe, kogi ya mayar da shi gida."

Kafinta ya juya murfin a hannunsa ya daɗe yana kallo. Bai taɓa ganin teku ba.

"Ashe baƙo ne," ya ce.

"Baƙo ne. Shi ya sa nake rubuta zuwansa."

Ranar wata Talata da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Kafinta ya leƙo ya rufe wa Malam taga, ruwan ya ritsa shi a bakin ƙofar ɗakin. Nan ya tsaya. Nan kuma ya gani da idonsa: ruwa na gangarowa kan kwanon rumfarsa, iska ta tsinke shi daga baki ta watsa, ya tsallake tsakar gidan ya zuba cikin mazurari kamar da gayya.

Da safe gilashi ya nuna talatin da takwas. Malam ya rubuta, sannan ya ɗauki jan biro ya yi ɗan gicciye a gefen lambar.

"Wannan fa?"

"Alama ce. Lambar da ban yarda da ita ba."

Kafinta ya miƙa hannu ya karɓi littafin. Ya buɗe baya. Jan gicciye nan da can. Ya sauko da na bara daga kanta, da na bara waccan. Duk damina akwai su. Ya ci gaba da saukowa har ya kai na shekara goma baya, ya tarar da shafuka fes, babu ja ko ɗaya. Idon Malam na kan silin.

Kafinta ya mayar da littattafan yadda ya same su, ya fita.

Matarsa ta fito daga kicin ta gan shi kan tsani da almakashin kwano.

"Maigida! Da shekarunka? In ka faɗo wa zai tattara ka?"

"Riƙe tsanin."

"Rumfar da ka rantse ko ƙusa ɗaya ba za ka cire ba?"

"Riƙe tsanin, na ce, ba bakina ba."

Ya yanke kwanon, ya ja shi baya har ya wuce katanga, ya lanƙwasa bakinsa ya haɗa masa indararo da ke zuba a nasa gidan. Sai azahar ya gama, yatsa biyu a ɗaure da tsumma.

Da ya shiga ɗakin ya tarar da Malam ido a rufe, yana murmushi.

"Na ji ana kiɗa a kan katanga."

"Kwanon ne ya yi tsatsa."

"Haka ne. Tsatsa."

Ranar Kafinta ya zauna a kujerar. Ya dubi hannuwansa.

"Ka tuna shekarar da zan yaye rufin makarantar bayan kasuwa? Gari garau, ka tare ni a hanya ka ce kada in cire kwano ko ɗaya ranar."

"Na tuna. Ka ce kai ba ka aiki da duba."

"Ban je ba. Na aika cewa bayana ke ciwo. Da yamma iska ta tuge bishiyoyi, aka kwana ana ruwa. Da na yaye rufin nan, da kayan makarantar duk sun tafi, da sunana ya bi su." Ya yi gyaran murya. "Ban taɓa ce maka komai ba."

"Na san ba bayanka ba ne."

"To. Na gode."

"Ni ma na gode. Gobe kada ka makara."

Kwana shida bayan nan, da yamma, aka fara ruwa da iskar gabas. Auta tana gefen gadon, Kafinta a kujera. Malam ya ce a buɗe masa taga. Ya saurari ruwan na ɗan lokaci, kansa a karkace. Kafin ruwan ya ɗauke, Malam ya cika.

Da safe tsakar gidan ta cika da masu ta'aziyya, an shimfiɗa tabarmi a inda ƙasa ta ɗan bushe. Kafinta yana cikin dattawa yana amsa "Allah ya jiƙansa". Ya dubi agogon hannunsa. Ya miƙe, ya ratsa mutane yana cewa a ba shi hanya, ya nufi ma'aunin.

Wani ya riƙo hannun rigarsa. "Haba, Kafinta. Yau ma? Mai abin ya tafi."

"Wannan ruwan jiya ne," in ji shi. "Yana da rai ya fara. Nasa ne."

Ya cire mazurarin, ya juye kwalbar a gilashi a hankali, ya ajiye kan dutsen. Babu wanda ya ce masa ya sunkuya. Ya sa gwiwa biyu a laka, ya kwantar da kai har idonsa ya zo daidai da bakin ruwan.

Da ya ɗago ya ga Auta tsaye a kansa, ido jajur, littafin a buɗe a hannunta. Ya laluba guntun katako a aljihu, ta girgiza kai ta miƙa masa littafin.

Ya goge hannunsa a riga. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya rubuta a layin jiya, ƙarƙashin siraran lambobin Malam, da manyan lambobi irin na jikin katako: ashirin da biyu da ɗigo shida. Gefen lambar ya bar shi fari.

Ya zubar da ruwan a gindin katanga, ya mayar da kwalbar, ya daidaita mazurarin bakinsa na kallon sama.